Karen Bana Shi Ke Maganin Zomon Bana: Hayayyafar Karnuka da Kyanwoyi a Ƙasar Gusau

(Laccar da wani likitan dabbobi ya gabatar a gaban ɗalibai da matasan ma'aikata a Gusau)



Lokacin da shugabanninku suka kawo mini takardar gayyata, na faɗa musu abin da nake so in yi magana a kansa, sai na ga ɗaya daga cikinsu ya sunkuyar da kai yana murmushi. Na san abin da ke ransa. Yana cewa ne, duk matsalolin da suka dami Jihar Zamfara a yau, a rasa abin da za a tara 'yan jami'a a kansa sai haihuwar kare da kyanwa? Ban ga laifinsa ba. Amma ina roƙonku ku ba ni aron kunnuwanku na ɗan lokaci, in na gama ku yanke hukunci da kanku ko maganar ta cancanci wannan zaure.

Matsayin kare da kyanwa a wurinmu

Bahaushe ya daɗe yana zaune da waɗannan dabbobi biyu. Maharbi da ɗan farauta ba su shiga daji sai da kare. Makiyayi yana barci a ruga ne domin ya san karensa bai yi ba. Manomin da ya tara dawa da gero a rumbu kuwa, ko ɗan kasuwar da ya jibge buhunan hatsi a sito, ya san darajar kyanwa, wadda mu a nan muka fi kira mussa, domin ita ce ke tsaye tsakanin abincinsa da ɓera. Duk wanda ya bi hanyar Tsafe zuwa Gusau, ya wuce ta gindin dutsen Kwatarkwashi ya nufi Bungudu da rani, bayan an gama kawar da amfanin gona, ya sha cin karo da ayarin 'yan farauta, kowa janye da karensa.

Addini ma bai bar wannan fage ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa an yarda a ajiye kare domin farauta da tsaron gona da tsaron dabbobi, kuma cikin Suratul Ma'ida an yi maganar abin da dabbar farauta horarriya ta kamo. Sun kuma karantar da mu labarin matar da ta shiga azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na mutumin da ya sami gafara saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, wanda ya ajiye dabba ya ɗauki amana. Amanar kuwa ba ta tsaya kan uwar kaɗai ba, ta haɗa har da abin da za ta haifa.

Yadda karya take ɗaukar ciki

Karya takan balaga tana da wata 6 zuwa 12. Daga nan takan shiga lokacin barbara kamar sau biyu a shekara, watau bayan kowane wata 6 ko 7. Kowane zagaye yakan ɗauki mako biyu zuwa uku. A kwanakin farko, wajen kwana 9, gabanta yakan kumbura, jini ya riƙa ɗiga, karnuka maza su taru a ƙofar gida, amma ita ba ta yarda da su. Bayan haka jinin ya tsinke ya yi fari-fari, sai ta fara tsayawa. A waɗannan kwanaki ne take ɗaukar ciki, kuma in maza da yawa suka same ta, 'ya'yan ciki ɗaya suna iya zama na uba daban-daban. Saboda haka maharbin da ya kai karyarsa wajen wani zaɓaɓɓen kare, sa'an nan ya sake ta tana yawo da dare, ya yi aikin banza.

Akwai wani abu da nake so in ja hankalinku a kansa. Idan kare ya hau karya sukan manne da juna na minti 5 zuwa 30. Wannan halitta ce, ba cuta ba ce, kuma da kansu suke rabuwa. Amma a unguwanninmu da zarar yara sun gan su sai jifa da duka da watsa ruwan zafi. Raba su da ƙarfi yana yaga gaban macen, ya ji wa namijin rauni, kuma a irin wannan hali ne kare mai lafiya yake cizon yaro. Ku hana ƙannenku.

Cikin karya yakan yi kwana 63, ko ya ragu ko ya ƙaru da 'yan kwanaki. Bai kamata a bar ta ta ɗauki ciki a zagayenta na farko ba, domin ita kanta ba ta gama girma ba. Haka nan ba a so ta riƙa haihuwa a kowane zagaye ba hutu. A makonni uku na ƙarshen ciki da lokacin shayarwa tana bukatar abinci fiye da na kullum nesa ba kusa ba, kuma ƙanzon tuwo da ruwan wanke-wanke ba za su riƙe ta ba, sai an haɗa da abin gina jiki irin su kifi da ƙwai da ragowar nama.

Ita kuwa kyanwa

Sha'anin kyanwa ya sha bamban. Tana iya balaga tun tana da wata 4 zuwa 6. A ƙasashen sanyi tana da lokacinta na shekara, amma a irin ƙasarmu, inda tsawon yini ba ya canjawa ƙwarai, kusan duk shekara lokacinta ne. In ba ta sami muzuru ba, bayan mako biyu ko uku sai ta sake komawa. Kukan nan da kuke ji a kan katanga da tsakar dare, wanda wasu ke ɗauka na mayu ne ko aljannu, yawanci kiran muzuru ne kawai. Wani abin mamaki game da ita shi ne, ƙwanta ba ya sauka sai muzuru ya hau ta, shi ya sa da wuya barbararta ta tashi a banza. Cikinta kwana 63 zuwa 65 ne, takan haifi 'ya'ya 3 zuwa 5, kuma tana iya sake ɗaukar wani cikin tun ba ta yaye waɗannan ba.

Haihuwa da kwanakin farko

Yawancin karnukanmu na gida da kyanwoyi suna haihuwa ba da taimakon kowa ba. Abin da suke so daga gare mu shi ne lungu mai tsabta, mai duhu-duhu, wanda yara ba su kai wa. Amma akwai alamomi huɗu da in an gan su sai a nemi likita ba tare da jinkiri ba. Na farko, in ta yi minti 30 tana yunƙuri mai ƙarfi ba abin da ya fito. Na biyu, in an yi fiye da awa 4 tsakanin ɗa da ɗa alhali akwai saura a ciki. Na uku, in koren ruwa ya fito kafin ɗan fari, domin wannan yana nuna mabiyiya ta rabu. Na huɗu, in ciki ya wuce kwana 70. Kada wani ya yi karambanin yi mata allurar naƙuda ta mata, domin in ɗa ya gindaya a hanya, allurar tana iya fasa mahaifa.

Da zarar an haihu, dakashin uwa shi ne rigakafin farko, kuma hanjin jariri yana karɓar amfaninsa ne a cikin awa 24 na farko kaɗai. Idanunsu sukan buɗe bayan kwana 10 zuwa 14. A makonnin farko ba su iya riƙe ɗumin jikinsu, don haka waɗanda aka haifa cikin hunturu, a watan Disamba ko Janairu, sanyin dare kaɗai ya isa ya kashe su in an bar su a fili. A shimfiɗa musu tsohon buhu, a kare su daga iska. Tsutsar ciki kuma tana ratsa mahaifa ta shiga ɗan kwikwiyo tun bai zo duniya ba, shi ya sa ake fara ba su maganin tsutsa tun suna da mako 2. Kada a raba su da uwa sai sun kai mako 8. Sa'an nan ku riƙe wannan da kyau: farasitamol da muke sha don ciwon kai guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Cututtukan da ke bin hanyar barbara

Na farko shi ne wani tsiro mai kama da ɗanyen nama da ke fitowa a gaban kare ko karya, yana zubar da jini. Ciwon daji ne, amma irin wanda ba a saba gani ba, domin ƙwayoyin tsiron ne da kansu suke tashi daga jikin wannan kare su dasu a jikin wancan lokacin barbara. Wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Rasha ya nuna haka tun 1876, kuma masana sun gano cewa asalinsa daga jikin kare guda ne da ya rayu dubban shekaru da suka wuce. Ya fi yawa a inda karnuka ke yawo sakaka, kamar garuruwanmu. Abin farin ciki shi ne yana jin magani. Allurar binkiristin ta jijiya, sau ɗaya a mako har mako 4 zuwa 6, takan warkar da mafi yawansu, amma aikin likita ne, ba na mai kemis ba.

Na biyu shi ne cutar ɓari, dangin wadda makiyaya ke kira bakkale a shanu. An gano nau'inta na karnuka a Amurka a 1966. Karya takan zubar da ciki a makonnin ƙarshe, namiji kuma marainansa su kumbura ya daina ba da ciki. Tana iya kama mutum, don haka ba a taɓa abin da aka ɓarar da hannu tsirara, a sa leda a hannu, a binne shi da zurfi.

Na uku shi ne taruwar mugunya a mahaifa, wadda takan zo mako 4 zuwa 8 bayan lokacin barbara, musamman ga wadda ta fara manyanta. Alamarta yawan shan ruwa, ƙin abinci, kasala da kumburin ciki. Bari in ba ku labarin abin da na gani da idona. Wani dattijo ɗan farauta daga wani ƙauye a yankin Bungudu ya taɓa kawo mini karyarsa a kan babur, naɗe cikin buhu. Ya ce duk ƙauyensu ba mai kamarta wajen gudu. Da yake ba ya so ta yi ciki lokacin farauta, sai wani ya ba shi shawara ya sayi allurar tazarar haihuwa ta mata a yi mata. Aka yi sau uku a jere. Da muka buɗe ta, mahaifar ta cika da mugunya ta riga ta fashe. Ba ta kwana ba. Dattijon nan ya zauna a gindin bishiya ya daɗe bai ce uffan ba, daga baya ya ce da ni, "Likita, da na san haka ne da na haƙura da farautar bana." Na ce masa, "Baba, ba laifinka ba ne, laifin wanda ya sani ne bai faɗa maka ba." Tun daga ranar na ɗauki alkawarin duk inda na sami taro sai na faɗa: irin wannan allura tana jawo mugunyar mahaifa da tsiron nono ga karya da kyanwa. A guje ta.

Ga 'yan'uwana mata kuma, akwai wata ƙwayar cuta da ke fita cikin kashin kyanwa, wadda in ta kama mace mai juna biyu a karon farko tana iya taɓa ido ko ƙwaƙwalwar abin da ke cikinta. Wannan bai sa a kori kyanwa daga gida ba. Abin da ake so shi ne mai ciki ta bar wa wani kwashe kashin, a kwashe shi kullum tun bai kwana ba, a wanke ganye da kyau, a dafa nama ya nuna sosai.

Zaɓen iri da sha'awar karen Turawa

Yanzu na zo kanku, matasan ma'aikata. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba 1996 Gusau ta zama babban birni, sababbin unguwanni suka tashi, kuma aka fara yayin ajiye manyan karnukan ƙasashen waje domin gadi. Ba na hana kowa abin da yake so, amma ya kamata mai saye ya san abin da yake saye. Karen Jamus mai tsayayyun kunnuwa, wanda aka kafa ƙungiyar masu kiwonsa a 1899, an tsara jikinsa ne don ƙasar sanyi. Zafin Gusau na watan Afrilu, da yakan haura digiri 40, azaba ne gare shi, kaska kuma ta fi saurin kayar da shi. Yawan haɗa dangi na kusa ya gadar wa da yawansu ciwon ƙugu. A Ingila akwai wani iri mai faffaɗan kai da gajeren hanci, wanda aka bi son siffa har ya zama mafi yawan matansa ba su iya haihuwa sai an yi musu fiɗa. Wannan shi ne ƙarshen wanda ya fifita kyan gani a kan lafiya.

Karenmu na gida kuwa, mai siririn jiki da gajeren gashi, ƙarni bayan ƙarni ya saba da rana da yunwa da cututtukan ƙasar nan. Ɗan'uwansa na Buzaye, na kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, Turawa sun ɗauke shi zuwa ƙasashensu a shekarun 1970, yau yana cikin karnukan da ake alfahari da su a can. Mu ne muke raina namu. Wanda zai haɗa iri ya kiyaye abu uku: kada ya haɗa uba da 'ya ko wa da ƙanwa, kada ya sa ƙaton kare ya hau ƙaramar karya domin 'ya'yan suna iya fin ƙarfin ƙugunta, kuma kada ya ɗauki iri daga dabba mai mugun hali ko mai ciwon gado.

Inda maganar ta shafi ran ɗan Adam

Ku ɗauki alƙalami mu yi ɗan lissafi. A ce karya ɗaya ta haihu sau biyu a shekara, kowane karo 'ya'ya 6. Shekara ɗaya 12 ke nan. In rabinsu mata ne, baɗi mata 7 ne za su haihu har da uwar, watau 'ya'ya 84. Da yawansu za su mutu, gaskiya ne, amma mutuwar wulaƙanci a kan bola da cikin kwata. Waɗanda suka rayu kuwa su ne karnukan da ba su da mai su, ba wanda zai kai su allura. Rashin tsaron da ya tashi ƙauyuka da dama a jihar nan ya ƙara wa abin tsanani, domin mai gudun ceton rai ba ya tsayawa neman kare.

A nan ne ciwon haukan kare yake shigowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya samu. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, sai dai a yi haƙuri. Alhali kuwa tun 1885 Louis Pasteur na Faransa ya ceci wani yaro da allurar rigakafi, kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana sarrafa rigakafin karnuka. Masana sun tabbatar cewa in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar takan yanke. To, amma ina amfanin a yi wa karnukan Tsafe allura bana, in baɗi rabin karnukan garin sababbin haihuwa ne da ba su taɓa ganin allura ba? Kun ga ashe taƙaita haihuwa da rigakafi tagwaye ne.

Hanyar taƙaitawa biyu ce. Ta farko ba ta cin ko kwabo: a tsare karya a gida mako uku na lokacinta. Ta biyu ita ce fiɗiya a hannun likita, bayan an sa dabbar barci, a cire mahaifa da ƙwai ga mace, ko maraina ga namiji. Wannan yana kawar da mugunyar mahaifa gaba ɗaya, yana rage tsiron nono in an yi da wuri, yana rage wa muzuru yawo da faɗa, kuma ba ya hana kare gadi ko kyanwa kamun ɓera. Ba dandaƙa irin ta bunsuru nake nufi ba. Wanda yake da shakka ta fuskar shari'a ya tambayi malaminsa, amma ya bayyana masa duka ɓangarorin biyu, har da makomar 'ya'yan da ake zubarwa a bola.

Kammalawa

Ƙannena, ga abin da nake roƙonku. In kun koma gida hutu, ku tambayi masu karnukan unguwarku ko an yi musu allura, wadda ake farawa daga wata 3 a kuma maimaita kowace shekara. Ku koya wa iyaye cewa in kare ya ciji yaro, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya ga tofi ko shafa gashin karen, shi kuma karen a tsare shi kwana 10 ana lura da shi. Ku da za ku riƙe ofisoshin ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bungudu, ku tuna da asibitin dabbobi ranar tsara kasafin kuɗi, ku kuma jawo sarakunan farauta a jiki, domin su ne suka san inda kowane kare yake. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya, kuma ba abin da zai hana ƙungiyarku ta raya ta a nan. Masu sha'awar wannan ilmi kuma, ƙofar tsangayar likitancin dabbobi a buɗe take a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato.

Magabata sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Mu mun yi namu gwargwadon iko, saura ku. Dattijon nan na Bungudu ya rasa karyarsa ne domin ba wanda ya faɗa masa. Ku yanzu an faɗa muku.